Hujjar da Ba Ta Baki Ba

A zamanin da, an yi wani sarki mai suna Jibir, mai son a ambace shi bayan ransa. Wata shekara amfanin gona ya yi albarka, baitulmali ya cika, sai ya tara fadawa ya ce zai gina hasumiyar da matafiyi zai hango tun daga nesa. Fada ta ɗauka, "Sai ka yi, Zaki!"

Waziri Lawandi kaɗai ya sunkuyar da kai. Dattijo ne da ya san birnin lungu-lungu. Ya san gara ta cinye itatuwan gadar kasuwa, magudanan ruwa sun toshe, ga bakin rijiyoyi na zubewa.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mai ɗakin da ke yoyo ba ya farawa da adon bango."

Ran Sarki ya ɓaci. Ya ce, "Waziri, iya magana ka fi kowa. Kawo mini hujjar da ba ta baki ba, ko ka sauke rawani."

Lawandi ya koma gida. Ba rawanin ya dame shi ba, damina ce da ta kawo kai. Ya yi ta saƙa da warwara, har ranar da aka tafka ruwan farko. Washegari ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Na bi, ranka ya daɗe. Alfarma ɗaya nake roƙo: kai da kanka za ka rako tubalin farko daga wurin magina, don albarka."

Sarki ya yarda. Aka ɗora tubali a kan jaki, Waziri ya shige gaba. A unguwar marina suka iske ruwa ya kwanta har gwiwa, mutane na kwalfe shi daga ɗakuna da ƙwarya. Da suka hau gada, itace ya karye, ƙafar jakin ta zurma, tubalin ya faɗa rafi ya narke.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta durƙusa ta ce, "Sannu, ranka ya daɗe. Nan ɗana ya karye bara, har yau da sanda yake tafiya."

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi ƙasa.

Can Sarki ya nisa ya ce, "Na ji hujjarka. Yaya za a yi?"

Lawandi ya ce, "A kasa dukiyar. Kaso mafi tsoka ya tafi gyaran abin da muka gada, a ajiye wani don ranar tsautsayi. Kowace kaka masu unguwanni su zo su faɗi abin da ya lalace, a fara da wanda ya fi barazana ga rai. In an yi rara, hasumiya ba ta gudu."

Haka Sarki ya zartar. Magina suka hau gada, aka yashe magudanai, aka ɗaure bakin rijiyoyi. Da Allah ya kawo marka, aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma ko katanga ɗaya ba ta faɗi a birnin ba.