Kwamfutar da Hambali Ya Ƙi Gogewa

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba. Sunansa Hambali. Gyaran kwamfuta yake yi a wata 'yar rumfa a bayan kasuwa, tun zamanin da kwamfutar hannu take da nauyi kamar dutsen niƙa. Shi ba malami ba, shi ba mai dukiya ba. In ka wuce shi a hanya ba za ka waiga ba. Ku saurara, don irin waɗannan bayin Allah su aka fi mantawa.

A layin nasu masu gyara suna da yawa, kuma duk magani ɗaya suka sani. Kwamfuta ta yi sanyin aiki, a goge. Ta ƙi tashi, a goge. A share babbar manhaja, wato wadda take ɗauke da duk sauran, a ɗora sabuwa, mai kaya ya tafi yana murna. Sai ya isa gida ya tarar rabin abubuwan da ya saba aiki da su sun ƙi buɗewa, don ba kowace tsohuwar manhaja ce take zama lafiya a kan sabuwa ba. In ya dawo da ƙorafi a ce masa haka zamani ya zo.

Hambali yana da wata ɗabi'a. Kafin ya taɓa kayan mutum sai ya yi tambaya ɗaya: "Bayan kai, wa ke amfani da ita?" Saboda haka 'yan layi suka sa masa Malam Tambaya. Maƙwabcinsa kuwa, wani saurayi mai zafin hannu, ana ce masa Sabi'u Yanzu-Yanzu, don kafin ka gama gaisuwa ya gama gogewa.

Wata rana da hantsi wani magidanci ya zo da kwamfuta a cikin jakar leda. Sunansa Tasi'u, zanen gidaje yake yi. Ya daɗe ba aiki, sai ga wani kamfani ya ce zai ba shi, amma da sharaɗin ya yi zanen da sabuwar manhajarsu. Ita kuwa ta ƙi hawa kan tsohuwar babbar manhajar da ke kwamfutarsa.

Ya ce, "Malam, sabuwa nake so ka ɗora min, yau ɗin nan. Aiki ke jirana."

Hambali ya buɗe ta. Idonsa ya faɗa kan madannai. An ɗiɗɗiga wa wasu jan farce, wani ja, wani shuɗi, ɗaya kore. Akwai wani a gefe da ya goge tas, har harafin da ke kansa ya ɓace.

"Bayan kai, wa ke amfani da ita?"

Sabi'u ya leƙo daga rumfarsa. "To, an fara. Alhaji, in ba ka yi karin kumallo ba aika a kawo maka."

Tasi'u ya ce, "Babana ne. Ba wani abu ba ne, 'yar manhaja ce ƙarama. In ka gama sai ka mayar da ita."

Hambali ya kunna, ya buɗe 'yar manhajar, ya danna madanni mai ja. Sai ga muryar dattijuwa, a hankali, kamar tana zaune a bayan rumfar: "A ba ni ruwa." Ya danna shuɗi. "A juya ni." Ya danna wanda ya goge. "Zauna." Ya danna kore, muryar ta ce, "La'ilaha illallahu, Muhammadur Rasulullahi."



Tasi'u ya ba da labarin a gajarce, irin na wanda ya gaji da maimaitawa. Mahaifinsa, Baba Namadi, ɗan kamasho ne a tasha. Duk rayuwarsa kiran fasinja ya yi, muryarsa tana kaiwa har bakin titi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya ɗauke masa magana, ya bar masa hannun hagu kawai. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta sa musu manhajar, matar tsohon, Inna Turai, ta zauna ta faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗiga jan farce don ya gane. Bara ta rasu. Tun daga nan tsoho ke magana da muryar matarsa.

Hambali ya ce, "Ka ba ni lokaci in gwada."

Bai taɓa faifan cikin kwamfutar ba, wato inda komai nata yake ajiye. Ya cire shi ya ajiye gefe, ya sa wani nasa mai sabuwar babbar manhaja, ya ɗora 'yar manhajar a kai. Ta ƙi buɗewa. Ya bi ta wata hanya, ta buɗe amma ba murya. Ya nemi waɗanda suka yi ta ko sun fitar da sabuwa, ya tarar sun daɗe da rufe harkarsu. Ya nemi ya zare muryar ita kaɗai, ya tarar a ƙulle take a cikin manhajar, ba ta fita. Aka kira azahar, ya je ya dawo, ya sake gwadawa. Daga ƙarshe ya mayar da tsohon faifan wurinsa, ya rufe.

"Ɗan'uwa, in aka ɗora sabuwa, Baba ya yi shiru."

"A sa duka biyun mana. Na ji ana yi."

"Ana yi. Amma in kana kan taka, tasa a kashe take. Sai ka rufe aikinka, ka kashe, ka sake kunnawa. Mai son a juya shi ba ya jiran wannan. Kuma ta yaya ma zai gaya maka yana so?"

Tasi'u ya fusata. Kada ku zage shi a ranku. Mutum ne da ke ciyar da gida, ga majinyaci, ga yara, ga aiki ya zo bakin ƙofa yana shirin juyawa. Ya ce, "Na wuni a nan don ka ce min ba ka iya ba? In ban yi aikin nan ba, ruwan da zai ce a ba shi ma da me zan saya?"

Ya fizgi kwamfutar ya miƙa wa Sabi'u.

Sabi'u ya ce, "Kawo, Alhaji. Sabuwa ai komai tana ɗauka. Malam Tambaya ne bai san kanta ba. Kafin la'asar kana gida."

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Hambali zai iya komawa kujerarsa. Ya faɗi gaskiya, ya sauke nauyi, kaya ba nasa ba, uba ba nasa ba. Da yawanmu a nan za mu tsaya, mu ce mun yi iya yinmu.

Hambali ya tashi ya shiga rumfar Sabi'u, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin kwamfutar.

Sabi'u ya ce, "Kai, lafiya? Ka kasa, kuma ka hana wani ya ci abinci? Ɗauke hannunka, dattijon banza."

'Yan layi suka taru. Wani ya ce hassada ce. Wani ya ce dama tsufa ya fara taɓa shi. Hambali bai ɗauke hannun ba. Tasi'u kawai yake kallo.

Ya ce masa, "Zo ka ga wani abu."

Ya kai shi rumfarsa, ya jawo tasa kwamfutar daga ƙarƙashin tebur. Ita kaɗai gare shi. Da ita yake sauko da manhajoji, da ita yake gwada kayan mutane, da ita yake ci. Sabuwar babbar manhaja ce a kanta. Ya kwashe abubuwansa, ya ɗora manhajar zanen, ta buɗe lafiya lau.

"Tafi da wannan ka yi aikinka. Waccan ka mayar wa Baba yadda take. Kada kowa ya taɓa ta. In ta rubuto tana so a sabunta ta, ka ce a'a. Kada ma ka haɗa ta da intanet."

Tasi'u ya tsaya sororo. "Kai kuma fa?"

"Ni ina da baki."

"Ba ka san ni ba, Malam. In na gudu da ita fa?"

"Mai juya ubansa ba ya gudu. In ka samu taka, ka dawo min da ita."

Kada ku jira in ce washegari arziki ya faɗo wa Hambali. Bai faɗo ba. Mai gyaran kwamfuta ba kwamfuta, me ya rage masa? Masu kawo masa aiki suka zarce rumfar Sabi'u. Ya koma gyaran wayar caja da share ƙurar fanka. Matarsa ta tambaye shi ina abin aikinsa, ya ce yana wurin aiki. Sabi'u kullum sai ya leƙo: "Malam Tambaya, bayan kai wa ke amfani da teburin nan?" A yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ci gaba da liƙe wayarsa. Haka aka yi tun daga bazara har aka ci kaka.

A tsakanin nan sau ɗaya ya je gidan, don Tasi'u ya matsa masa. Ya tarar da tsoho kwance a zaure, kwamfutar a kan 'yar kujera daidai hannun hagunsa. Aka ce, "Baba, ga mutumin nan." Tsoho ya daɗe yana dubansa. A cikin madannan nan babu wanda ke cewa na gode, Inna Turai ba ta sa shi ba. Yatsa ya lalubo wanda ya goge.

"Zauna."

Hambali ya zauna. Da ya yunƙura zai tashi, muryar ta sake cewa, "Zauna." Bai bar gidan ba sai da aka kira magariba.

Bayan kaka Tasi'u ya zo rumfar da jakar leda, kwamfutar Hambali a ciki. Ya zauna a benci. Sannan ya ce Baba ya rasu ranar Juma'a da safe. Ya ce da abin ya zo, suna zagaye da shi suna laƙƙana masa kalmar shahada, bakinsa na motsi ba abin da ke fita. Sai suka ga hannun hagu yana lalube. Aka matso masa da kwamfutar. Ya wuce ja, ya wuce shuɗi, ya wuce wanda ya goge. Ya danna kore.

Hambali ya yi masa ta'aziyya, ya yi wa mamaci addu'a. Sannan ya kunna kwamfutarsa, don wata mata na tsaye da tata a hannu. Ya dube ta ya ce, "Bayan ke, wa ke amfani da ita?"

To, jama'a, kun ji. Abin da Allah ya karɓa a zuciyar tsohon nan Shi ya sani, ko da madanni ko babu. Amma 'ya'yansa sun ji da kunnensu, kuma sun ji ne don wani bawan Allah ya haƙura da zagi, ya ba da abin da yake ci da shi.

Darasin ba a ɓoye yake ba. Sabon abu ba laifi ba ne, Hambali ma sabuwar yake amfani da ita. Laifin shi ne ka canza abu ba ka tambayi wanda ya jingina da shi ba. Mu samari mun fi kowa wannan. Ka karɓi wayar mahaifiyarka ka ce za ka gyara mata, ka mayar mata da abin da ba ta gane ba, har ta kasa kiran 'yarta. Ka sauya tsarin gida, ka sauya tsarin shago, mai rauni ya tsaya yana lalube, kai kana cewa ci gaba ne. Kuma faɗin gaskiya kaɗai ba ya isa in kana da abin da za ka miƙa.

Kowannenmu akwai abin da ke hannunsa da wani ke magana da shi, wani ke tafiya da shi, wani ke ci da shi. Kafin ka goge, ka tambaya. In ka tambaya ka ji amsa, kada ka koma kujerarka. Allah ya ba mu ikon yi.