Mutumin da Ya Ce Kogi Ba Ya Hawa Bene

An yi wani mutum a Montreal, shekarun baya, mai gidan kansa a hawa na uku na wani bene. Allah ya ba shi rufin asiri, amma rowa ta hana shi jin daɗinsa. Idan ya shiga shagon kofi, sai ya cika aljihu da sukarin kyauta. Gidan nan shi ne duk abin da ya tara a rayuwarsa.

Ranar da ya je zaɓen inshora, ma'aikaciyar ta yi masa bayani dalla-dalla. Inshorar benen ta bango da rufi ce kawai. Kayansa, da duk ɓarnar da ta fito daga gidansa ta shafi maƙwabta, suna wuyansa. Ta ce ya haɗa da ta ruwa da ta haƙƙin maƙwabci.

Ya tuntsire da dariya. "Ruwa? A hawa na uku? Kogin ne zai hawo bene? Ba ni ta gobara kawai, ƙarama."

Da sanyi ya kankama, ya samu kwanan kyauta wurin ƙaninsa a Florida. Tsohuwar da ke ƙasansa, Madam Ghislaine, ta tare shi a matakala.

"Maƙwabci, bar mini makulli in riƙa leƙa maka gidan."

"Ki kunna mini fitilu ina biya? Na gode, Madam, riƙe alherinki."

Ya 'yan uwa, ko yaro a garin nan ya san ba a kashe na'urar ɗumama gida a watan Janairu. Shi ma ya sani sarai. Amma ya tsaya a bakin ƙofa yana tunanin kuɗin wuta, zuciyarsa ta ce masa wa zai ɗumama wa gidan, kujeru? Ya kashe, ya kulle, ya tafi yana fito.

Ruwan famfo ya daskare, bututu ya fashe. Ruwa ya cika gidansa, ya ratsa ƙasa, ya zubo wa Madam Ghislaine rufi a kan gado da hotunan jikokinta, ya wuce har hawa na ɗaya. Allah ya sa tana kasuwa.

Mutumin ya dawo da hular rana a kai, ya tarar da tabarmar ƙofarsa ta zama ƙanƙara. Ya kira kamfanin inshora. Aka tambaye shi cikin ladabi ko wani abu ya ƙone. Babu. Gyaran hawa biyu ya hau kansa, dole ya sayar da gidan.

Ranar da yake kwashe ɗan abin da ya rage, Madam Ghislaine ta miƙo masa kwanon miyar wake mai zafi, ta ce, "Ka yi gaskiya, maƙwabci, kogi bai hawo ba. Daga wurinka ya sauko."

Ni ba tallar inshora nake yi ba, ku fahimce ni. Amma wanda yake zaune a saman wani, rufin ɗan uwansa yake takawa kullum. Me rowa ta adana wa mutumin nan? Ta hana shi kare maƙwabciyarsa, ta hana shi karɓar alherin da aka kawo masa kyauta, sannan ta cinye gidan da yake wa rowar.

Allah ya kiyaye mu da rowa, ya sa kada maƙwabtanmu su jiƙe saboda mu. Amin.