Sarki da 'Yan Jar Hula

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa mai yalwar gero da malamai, kuma babu abin da ya ƙi jini a duniya kamar jira. Idan an dasa masa itace da safe, kafin la'asar zai aika a dubo masa ko ya yi inuwa. Karin magana guda ya riƙe, cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma da ita yake auna komai, har 'ya'yan mutane.

Wata rana ya kira wazirinsa, Maiwada, ya ce, "Ya Waziri, don me ake ɓata tawada a kan kowane yaro shekara da shekaru kafin a san wanda zai yi ilimi? Ni zan gane shi a zama ɗaya."

Waziri Maiwada mutum ne mai hankali, amma hankalin nasa a cikin ciki yake zaune, ba ya leƙo baki. Ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Sai aka yi shela cewa kowace shekara bayan an gama girbi a kawo fada duk yaron da ya isa shiga makaranta, wato wanda zai iya ɗora hannunsa bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. Sarki yakan faɗi wata jumla sau ɗaya, yaran da suka riga sauran maimaita ta sai ya sa musu jar hula da hannunsa, a kai su wani gida kusa da fada da aka sa wa suna Gidan Basira. Sauran kuwa a mayar da su ga iyayensu, kuma kada wani malami ya ɓata allo a kansu. Mai in'ina, da mai kunya, da wanda ya tsaya yana tunanin ma'anar abin da aka faɗa, duk gona ta kwashe su. Iyaye da yawa suka koma gida suna share hawaye, wasu suka sulale da 'ya'yansu zuwa garuruwan maƙwabta inda ba a san wannan hikima ba.

To, ga inda gizo ya yi saƙa. Tunda sarki da kansa ya zaɓi yaran, duk malamin da ya ce wa ɗan jar hula ya yi kuskure, ai sarki ya ce wa ke nan. Wani malami ya gwada sau ɗaya, yaron ya kai ƙara, aka kori malamin daga gari. Daga ranar malaman Gidan Basira suka koyi kalma ɗaya, wato "madalla". Yaro ya karanta daidai, madalla. Ya karanta a karkace, madalla. Ya yi barci a kan allo har yawu ya wanke rubutun, sai a ce ya haddace ne shi ya sa ya wanke.

Shekaru suka shuɗe, yaran farko suka yi gemu. Kawunansu suka yi girma, hulunan ba su yi ba, kuma babu mai ikon canza abin da sarki ya sa. Sai ka ga ƙato yana tafe a kasuwa da 'yar jar hula a tsakar ka kamar murfin tulu, yana taku ɗaiɗai don kada ta faɗi, mutane suna durƙusa masa.

Ana nan sai babban alƙalin garin ya rasu. Sarki ya ce, "Ya Waziri, lokacin girbina ya yi. Ranar Juma'a ka kawo mini gwanin Gidan Basira, a gwada shi a gaban jama'a, in naɗa shi alƙali. Zaɓina ba ya kuskure. Idan aka ga aibu a cikinsu, daga mai riƙonsu ne, kuma kai ne mai riƙonsu. Ranar za ka ajiye rawaninka ka bar mini gari."

Waziri ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Ya tafi Gidan Basira ya kira gwaninsu, wani saurayi mai suna Nababa, wanda ya riga kowa buɗe baki a gwajin farko. Ya yi masa tambaya a kan rabon gado, Nababa ya amsa da jumlar nan da ya maimaita wa sarki yana ɗan yaro, da sauri ƙwarai kuma da murya mai daɗi. Malamai suka ce madalla. Waziri ya fito, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, domin ya tsufa kuma ba shi da wata sana'a sai cewa gaskiya ne.

A bayan gari akwai wani tsohon masani, Malam Cindo, wanda ya daina zuwa fada tun ranar da aka fara rabon huluna. Waziri ya same shi a zaure yana ɗinke tsohon buzunsa, ya kwashe labari ya faɗa masa.

Malam Cindo ya ce, "Waziri, da aka kafa wannan doka kana ina?"

"Ina nan, Malam."

"Me ka ce?"

Waziri ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ce, "To, zan zo in yi gwajin. Amma ba zan ɗaukar maka alkawarin rawaninka ba, domin ba ni na ɗaura maka shi ba."

Ranar Juma'a fada ta cika maƙil. Aka shigo da Nababa, aka shigo da Malam Cindo yana dogara sanda. Sarki ya dube shi ya ce, "An ce kai masani ne. Gaya mini, ba tun daga Laraba ake gane Juma'a ba?"

Malam Cindo ya ce, "Ya sarki, ana gane ta, in an bar Alhamis ta yi aikinta. Ni ma ina da tambaya. Jaririn da ya riga tsaransa fara tafiya, shi ne zai riga su zuwa Makka?"

Sarki ya ce, "In ya ci gaba da tafiya, shi ne."

"In kuma aka ɗauke shi aka goya, don kada ƙafarsa mai albarka ta taka ƙaya fa?"

Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "Ba hira na kira ka ba. Gwada alƙalina."

Tsohon ya juya ga Nababa ya ce, "Samari, mutum ne zai yi tafiya, ya bar wa maƙwabcinsa amanar akuya mai ciki. Kafin ya dawo ta haihu. Suka zo gabanka, kowa yana cewa 'ya'yan nasa ne. Wa za ka ba?"

Tun bai rufe baki ba Nababa ya ce, "Wanda ya riga magana a cikinsu. Ai wanda ya riga buɗe baki shi ne mai gaskiya."

Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya, "Madalla! Basira ta yi magana!"

Malam Cindo ya jira har suka yi shiru, sa'an nan ya ce a hankali, "Ka yi kuskure, yaro."

Nababa ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda ake yi da shi. Da ya gane shi ake nufi, sai ya zauna daɓas a ƙasa ya fashe da kuka, ƙato da gemunsa, yana kiran sunan uwarsa. Wasu suka danne dariya, amma Waziri tausayi ne ya kama shi, domin ya tuna yaron yana da kaifin kai na gaske ranar da aka kawo shi.

Sarki ya miƙe a fusace ya dubi Waziri ya ce, "Na ba ka zinariya ka mayar mini da ita gawayi. Dogarai, ku kwance masa rawani!"

Dogarai suka yo kan Waziri. Malam Cindo ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ya sarki, tambaya ɗaya ta rage, in ka amsa sai a kwance. Mutum biyu sun saki hanya a daji. Ɗaya ana ƙwala masa kira daga baya, ɗaya ana binsa da guɗa. Wanne zai fi nisa da gida?"

"Wanda ake yi wa guɗa."

"Wannan saurayin tun yana ƙarami ake binsa da guɗa, bisa umarninka, ka ga inda ta kai shi. To kai, ya sarki, yaushe rabon da wani ya ƙwala maka kira?"

Sarki ya buɗe baki zai amsa, ya rasa ranar da zai ambata. Ya lalubi shekarun sarautarsa, ya lalubi na yarintarsa a gidan sarauta, bai sami ko ɗaya ba. Ya dubi fadawansa, kowa ya sami abin kallo a kan tabarma. A ƙarshe idonsa ya sauka kan Waziri, wanda dogari ke riƙe da bakin rawaninsa.

"Ya Waziri, na yi kuskure a kan yaran nan?"

Tsohuwar amsar nan ta taso wa Waziri har bakin harshe, domin ta san hanya. Ya san in ya faɗe ta, laifin ya zama nasa, rawani ya tafi. In ya faɗi ɗayar kuma, watakila har da kan da ke cikin rawanin. Ya dubi Nababa yana shessheka a ƙasa, ya ce da murya kamar ta mai mura, "Ka yi kuskure, ranka ya daɗe. Waɗanda ka kora ka hana su malami, waɗanda ka zaɓa ka hana su gyara. Ni kuma ina tsaye ina gani."

Sarki ya koma ya zauna. Kunya ta rufe shi a gaban talakawansa. Can ya ce wa dogari, "Sakar masa rawaninsa. Yau ne ya fara aikin da aka ɗaura masa shi dominsa."

Da fadawa suka ga inda iska ta juya, sai suka ɗauka baki ɗaya, "Ka yi kuskure, ranka ya daɗe! Wallahi ka yi kuskure!" Malam Cindo ya girgiza kai, ya ja sandarsa ya nufi ƙofa.

Sarki ya sa aka buɗe makarantu ga kowane yaro, mai sauri da mai nawa, ya mayar da Nababa da 'yan'uwansa gaban allo, aka ba malamai izinin cewa a sake. Alƙali kuwa sai daga wani gari aka aro shi. Kuma tun daga ranar sarkin yakan ce wa masu shari'a a ƙasarsa: wanda ya yanke wa yaro hukunci tun da safe ya zalunce shi, ko da hukuncin yabo ne.