Ja Ba Ɗauka Ba Ne

Alhaji Tsalha dillalin albasa ya ce wa direbansa Gambo, "Buhu sittin za ka loda a tirelar da a-kori-kurar nan ke ja, ko ka ajiye mini makullina."

"Alhaji, tayoyin motar na baya ba za su ɗauka ba."

"Wa ya ce su ɗauka? Ja za su yi!"

Da aka gama lodi, Gambo ya ce, "Ɗan tallabe mini bakin tirelar in haɗa ta da mota."

Alhaji ya sa kafaɗa, idanunsa suka firfito. "Wayyo bayana!"

"Ai ja kawai za ka yi, ranka ya daɗe."

"Kai, a rage kayan nan!"

"Haka tayoyin ma ke cewa, Alhaji. Baki ne ba su da shi."