Kitson da Kaka Ta Tsefe a Gaban Alƙali

Akwai wata tsohuwa mai kitso da kowa a layinsu yake kira Kaka. Ɗanta ɗaya tilo makanike ne, ga hannun kyauta, ga zuciyar kusa. Da ya rabu da matarsa, wata malamar firamare, sai ya riƙe 'yarsu mai shekara shida, ya ce ba inda za ta.

Maganar gaskiya, Kaka ba ta ji haushin hakan ba, don yarinyar ce hasken ɗakinta. Aku take kiran ta saboda surutu, kuma kullum sai sun yi faɗan wa ya shanye wa wani shayi.

Wata Asabar tana tsaga gashin Aku, sai ta ga ciwo a bayan kunne, har ya fara kamewa. Aku ta ce faɗuwa ta yi. Da lallashi ya yi lallashi, ta faɗa cikin raɗa: ruwa ta zubar a kan wayar Baba, shi ne ya jefe ta da makullan mota.

"Amma ya ba ni haƙuri, Kaka. Har alewa ya sayo min."

Kaka ta shafa magani, ta sauya salon kitson, ta kwanto da jela biyu suka rufe wurin. Uwa ce, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta yi wa ɗanta faɗa, ya rantse ba zai ƙara ba. Bayan wata guda ta sake rufe wani tabon.

Ana haka, malamar ta kai ƙara kotu tana neman riƙon 'yarta. Makanike ya kawo mahaifiyarsa shaida, da tabbacin ba za ta ba shi kunya ba. Kaka kuwa ta san abin da ke gabanta. In malamar ta yi nasara, Aku ta bar gidan ke nan, sai dai ta riƙa jin labarinta a bakin mutane.

Alƙali ya tambayi Kaka ko yarinyar tana cikin aminci a hannun ubanta. Sai Kaka ta roƙi a shigo da Aku. Ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta kamar a gida, ta tsefe jelar nan biyu a hankali, sai ga tabo a fili.

"Ranka ya daɗe, ni na rufe wannan da hannuna, har sau biyu. Ɗana ne, ina son sa. Amma yarinyar nan ba za ta iya da zuciyarsa ba."

Makanike ya sunkuyar da kai, bai musa ba. Alƙali ya ba uwa riƙo. Kaka ta lalubi takalmanta, idonta ya cika da hawaye.

Ashe alƙali bai gama ba. Ya ce uba zai ga 'yarsa duk ƙarshen mako, amma a wuri ɗaya tak: ɗakin Kaka, a gaban idonta, don da ita kotu ta yarda.

A bakin ƙofa malamar ta durƙusa, ta kama hannun tsohuwar tana kuka. Ta ce, "Mama, ba sai kin aiko ba. Da kaina zan riƙa kawo miki ita."

Darasi: Rufa wa babba asiri ba alheri ba ne in yaro ne zai sha wuya. Wanda ya tsaya wa yaro da gaskiya ba ya taɓewa. Ku tura wa iyaye da kakanni su karanta.