Tsohon da Ya Aiki Ƙanensa Dangwala Yatsa

Akwai wani tsohon manomi da ciwon suga ya fara taɓa masa idanu. Maganin kuwa tsada gare shi, sai ya sha wata ɗaya ya huta wata biyu. Ran nan 'yarsa ta zo daga gidan aurenta da murna, ta ce, "Baba, gwamnati tana rubuta sunayen tsofaffi don ta riƙa ba su magani kyauta. Hoto kawai za a ɗauke ka, ka dangwala yatsa. Ran Talata zan zo in kai ka."

Da jin maganar yatsa, sai tsohon ya tuna baya. A gabansa wani maƙwabcinsa ya taɓa dangwala wa wata takarda, kafin damina fadamarsa ta zama ta wani. Ya ce a ransa, yaushe gwamnati ta fara kyauta? Kuma me ya sa mijin yarinyar nan yake yawan yabon gonata kwanan nan? Har tuwon da ta kawo masa sai da ya jujjuya shi kafin ya ci.

Ya ce mata kada ta wahalar da kanta, zai je shi kaɗai. Da ta tafi ya kira ƙanensa, wanda ba shi da gona, ya ce, "Je ka faɗi sunana, ka ba su yatsanka. Kai ba ka da abin da za a ƙwace."

Ƙanen ya ce, "To, Yaya." Da yake suna kama, ba wanda ya lura. Kati ya fito, tsohon ya cusa a aljihu, yana jin duk garin babu mai wayonsa.

Da kaka idanun suka rikice, har bai iya bambanta dawa da gero. 'Yar ta riƙe hannunsa zuwa asibiti. Mai ba da magani ya ɗora yatsansa a kan na'ura sau uku, na'ura ta ƙi. Ya ce, "Baba, sunan naka ne, amma yatsan ba naka ba ne. Rajista kuma an rufe sai baɗi."

'Yar ta gane abin da ya yi, ta ce, "Baba, ashe har da ni kake zargi?" Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Gonarsa tana nan ba wanda ya taɓa, sai dai ya daina ganinta.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Maganin shi ne ceto, wanda Allah yake bayarwa kyauta ta wurin Yesu. Don an taɓa cutarmu, sai mu zargi har masu ƙaunarmu, mu ce kyauta tarko ce. Wani ya tura matarsa sujada a madadinsa, wani yana taƙama da cewa mahaifinsa dattijon ikkilisiya ne. Ubangiji ya san yatsan kowa, ba a yi masa aike. Ka zo da kanka, tun ana rubuta suna.