Nahawun da Nagendra Ya Koya wa Ƙaninsa

A unguwar Salori ta birnin Prayagraj, inda kowane ɗaki ke cunkushe da samari masu jiran aikin gwamnati, akwai wani mai suna Nagendra. A nahawun Hindi ba a ja da shi. Amma yana da ciwon da karatu ba ya warkarwa, wato baƙin ciki. In aka ce wani ya ci jarrabawa, ranar ko burodi ba ya wuce masa maƙogwaro.

Shekara da shekaru yana zama jarrabawar akawun filaye, lissafi na kayar da shi. Bana ce damarsa ta ƙarshe, domin baɗi shekarunsa za su haura ƙa'ida. Ana nan sai ga Lallan, ɗan ƙanin babansa, ya dawo daga Sharja ta ƙasar Larabawa inda ya daɗe yana aikin gini, ya ce ya gaji da baƙunta, shi ma wannan aikin yake so.

"Yaya, mu yi musaya," in ji Lallan. "Lissafi a hannuna yake. Amma Hindin littafi, na rantse da mahaifiyata, ya gudu ya bar ni."

"To, ɗan Larabawa, zauna mu gani," in ji Nagendra, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

A ransa kuwa wuta ce. Ba ya manta yadda babansa ke nuna gidan bulon da Lallan ya gina a ƙauye, yana cewa ga ɗa. Yanzu kuma yaron nan ya zo ya ci a zama ɗaya abin da ya gagare shi? Ina!

Lallan ya koyar da lissafi tsakani da Allah. Shi kuwa Nagendra sai ya tsinci tambayoyin nan masu tarko da ke fitowa kusan kowace shekara, irin wace kalma ce namiji, wace ce mace, da yadda kalmomi biyu ke haɗewa, ya juya amsoshinsu. Masu sauƙin ya faɗi gaskiya don kada a gane.

Sai dai ƙarya tana da ɗawainiya. Ɗaliban Salori da ƙarfi suke hadda, a kan rufin gida, da sassafe, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. Don kada ya faɗi wani abu yau gobe ya faɗi wani, dole Nagendra ya haddace ƙaryarsa. Ya rera ta, ya maimaita ta, har yana yi wa Lallan tsawa in ya kuskura ya faɗi daidai.

"Kai wane irin jaki ne? Sake faɗi!"

"Yi haƙuri, Yaya, siminti ne ya cika mini kai."

Aka tura su birnin Kanpur zama jarrabawa. Lissafi ya zo wa Nagendra da sauƙi a karon farko a rayuwarsa. Da ya iso nahawu lokaci ya ƙure, ga shi duk amsar da ba daidai ba rage maki ake yi. Ya dubi tambayoyin nan nasa, sai ya ji amsa biyu na kokawa a kansa. Ɗaya ya karanta ta tuntuni a littafi, ɗaya kuwa da bakinsa ya rera ta kowace safiya. Wace ce ta gaskiya? Mai sa ido ya ce saura kaɗan. Hannunsa ya bi wadda kunnensa ya fi sabawa da ita.

A jirgin ƙasan komawa babu wurin sa ƙafa, kuma duk taragon 'yan jarrabawa ne, kowa na ihun amsarsa. Lallan, baki har kunne, ya ɗaga murya ya zayyano amsoshinsa na nahawu. Sai tarago ya fashe da dariya.

"Ɗan'uwa, a wace kasuwa ka sayi wannan Hindin?" in ji wani mai jan rawani.

"Yayana ne ya koya mini, kuma duk Salori babu kamarsa!"

Wata budurwa mai tabarau ta ce, "Ɗaya kuskure ne, biyu ma kuskure ne. Amma a ce duk masu tarkon ne kaɗai suka juye? Wanda ya koya maka ya san daidai ɗin sarai."

Lallan ya juyo a hankali. Nagendra ya kafa wa ƙasa ido.

"Yaya, dube ni." Nagendra bai ɗago kai ba. "Na ce ka dube ni! Na bar aikina, na ci wake da shinkafa a kwano ɗaya da kai, na zauna da kai kan lissafi har muryata ta dushe. Jaki kake ce mini in na faɗi daidai! Me na tsare maka?"

Lallan ya ci kwalarsa, sai da mutane suka shiga tsakani. Nagendra ya buɗe baki da kyar.

"Lallan, ni ma su na zaɓa."

Lallan ya sake shi, ya dube shi sama da ƙasa, ya yi tsaki.

"Ashe dai ka iya koyarwa," ya ce. Ya kutsa cikin mutane ya koma wani tarago.

Da sakamako ya fito, dukansu biyu sun faɗi. Lallan yana da sauran shekaru, ya kama ɗaki a wata unguwa ya sake shiri. Nagendra kuwa, wanda ya ci lissafi fiye da yadda ya taɓa mafarki, maki kaɗan na nahawu suka rufe masa ƙofar har abada.

Mai karatu, ka kiyayi baƙin cikin ci gaban ɗan'uwanka. Duk wanda ya shirya ƙarya don ya kayar da wani, shi zai fi kowa jin ta, domin daga bakinsa take fita kullum, har ranar da zai nemi gaskiyar da ya sani ya rasa ta. In an ba ka amanar ilimi, ka bayar da shi yadda yake.